Atishawa a Rumbun Gawayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi atishawa a gidan surukina ba, ko da Allah zai ƙara mani wasu shekarun a kan waɗanda Ya riga Ya ba ni. Ga shi yau gemuna ya yi fari, ni ke jan salla a unguwarmu a Yasore, amma har gobe in na ji warin gawayi sai hancina ya fara ƙaiƙayi, kunya ta taso mani sabuwa. Na ga gara in rubuta abin da hannuna, domin masu ba da labarin a kasuwa sun cika masa gishiri. Wasu har cewa suke na kwana a ciki. Ban kwana ba. Abin da ya faru ma ya isa.

A lokacin ina matashi, ina taya mahaifina karantarwa. Matata Dije ɗiyar Sarkin Maƙeran Karare ce. Da cikinta na fari ya tsufa aka mai da ita gidan iyayenta kamar yadda aka saba, can ta haifi namiji, aka sa masa sunan mahaifina. Na je suna, na zauna a zaure kaina a sunkuye, aka yi addu'a aka shafa, na komo gida ban ga ko tafin ƙafar yaron ba. Haka al'ada take. Ɗan fari ba a nuna ɗokinsa, ba a tambayar lafiyarsa a gaban manya, balle a taka gidan surukai don a gan shi kafin uwarsa ta gama wanka. A waje na yi ta nuna halin dattako. Amma a zuci, Allah Ya sani, in ina biya wa yara karatu sai in tsinci kaina ina tunanin ko hancina ya ɗauko ko na maƙera.

Kafin in ci gaba sai na yi bayanin gawayi, don in ba haka ba mai karatu ba zai gane girman ramin da na faɗa ba. Wanda bai zauna da maƙera ba yana zaton ƙarfe ne arzikinsu. To, gawayi ne. Itace komai yawansa ba ya narka tama, ba ya sa ƙarfe ya yi laushin da masaba za ta juya shi. Sai gawayin kirya, mai nauyi, mai ƙara kamar tsakuwa in an zuba shi. In babu shi zuga-zugi iska kawai yake hurawa. In wutar maƙera ta mutu babu sungumin shuka, babu hauya, babu lauje, wanzami ya rasa aska, maɗinki ya rasa allura. Ko mu masu alƙalami da shi muke haɗa tawada. Gari duka a kan baƙin abin nan yake tsaye, amma ba mai tuna shi sai ranar da ya yanke.

A shekarar nan kuwa ya kusa yankewa. Mahara daga wajen Maraɗi sun matsa wa ƙasar Ruma, masu ƙona gawayi ba sa iya nisa cikin daji. Daga birni an aiko a ƙera kibau da masu, ga manoma sun yi cincirindo a ƙofar maƙera da tsofaffin hauyoyinsu, ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. A kan wannan kuma sai aka lura tarin gawayin da ke bayan maƙerar surukina yana raguwa ba da saninsa ba. Labari ya zo har Yasore cewa ya rantse duk wanda ya kama, ko ɗan cikinsa ne, sai ya kai shi gaban alƙali da igiya a ƙugu.

Duk na ji wannan. Amma abin da kunnena ya riƙe shi ne wani abu daban: ranar Laraba mazan gidan duka za su tafi daji kwaso gawayi daga ramin da ake ƙona shi, ba za su dawo ba sai yamma.

Ranar na ce wa mahaifina zan je duba wani mara lafiya. (Ban yi ƙarya ƙwarai ba, mai jego ai ba a ce mata lafiyayya.) Na ɗauko farar rigata ta Idi, na naɗa rawani. Kada a tambaye ni dalili. A wautata ina so ranar da yaron zai fara ganin ubansa ya gan shi a matsayin mutumin kirki. Na isa Karare da hantsi, na zagaya ta bayan gida, na ɗaga danga na kutsa kamar akuya.

Wadda na fara cin karo da ita Kaka Yalwa ce, uwar surukina, tsohuwa mai baki, wadda ke yi wa Dije wankan jego. Tsakanina da ita wasa ne, mijinta take kirana.

"La ilaha illallahu! Angona, ta danga? Ƙofar gidan ta ƙone ne?"

"Kaka, rufa mani asiri. Kallo ɗaya zan yi in tahi."

"Ni kaz zo gani ko kishiyata?"

"Ke mana."

"Maƙaryaci. Shiga, ga ta can tana gasuwa."

Na shiga ɗakin. Zafi ya buge ni kamar an buɗe tanderu. Dije na kwance bisa gadon ƙasa, ƙarƙashinsa garwashi jawur, ba hayaƙi ko kaɗan. Har na ce a raina, kai, wannan wuta ta yi kyau. Dije ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya ƙasa-ƙasa, ta nuna mani wani ƙunshin zane a gefenta. Na durƙusa, na miƙa hannu zan buɗe fuskar yaron ke nan, sai na ji kukan jaki a ƙofar gida, na ji muryar da ko a mafarki na santa.

"Tanko! Ku shigo da su ta nan, ku kai bakin rumbu."

Sarkin Maƙera ne. Ashe an hango ƙura ta arewa, suka ji tsoron mahara, suka kwashe abin da suka samu suka juyo tun rana ba ta take ba.

Mai hankali da ya tsaya ya sha kunyar lokaci ɗaya. Ni kuwa na fito da gudu na nufi danga, sai na ji jakai ta nan suke zagayowa. Na waiga, ga wani tsohon rumbun ƙasa an jingine masa tsani, murfinsa a ƙasa. Kaka na ɗaga mani hannu tana cewa wani abu, ban tsaya ji ba. Na haye, na zura ƙafafu, na saki jiki. Ina tsammanin in faɗa kan damman gero. Abin da na faɗa a kai ya yi ƙara ƙarƙashina, wata baƙar ƙura ta tashi. Nan na gane rumbun gawayi ne, kuma nan ɗin ne aka ce a kawo kayan.

Rumbun mai faɗin ciki ne, bakinsa ƙarami. Na rarrafa na manne da bango inda mai leƙowa ba zai gan ni ba. Sai na ji tsani yana motsi. Tanko ne, yayan Dije, ƙato mai damtse kamar turmi, wanda tun asali bai ga abin da ƙanwarsa ta gani a jikin mai alƙalami ba. Hasken bakin rumbun ya toshe, sai ruwan gawayi ya sauko. Kwandon farko a gadon bayana ya ƙare. Na ciji rawanina don kada in yi ƙara.

Ana cikin haka na ji an shimfiɗa buzu a inuwar rumbun, daidai inda kunnena yake. Surukina ya zauna tare da baƙo, Ardon wasu Fulani na wajen Babban Duhu, wanda ya biyo su daga daji da ƙorafi. Suka gaisa, suka tambayi gida, suka tambayi shanu, suka tambayi gajiya, suka koma kan gida. Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mani tsawo irin ta ranar ba.

"Sarki, magana ɗaya ta kawo ni," in ji Ardo. "Kiryar da ke bakin fadama, mutanenka sun fara kwantar da ita. Kakana a inuwarta yake hutawa. 'Ya'yanta shanunmu ke ci da rani. Kun cinye na tudu, yanzu kun sauko fadama."

"Ardo, wuƙar da ke ƙugunka, wa ya ƙera ta?"

"Kai."

"Da mi?"

"Na sani. Amma in kun ƙone daji duka, jikanka da mi za shi ƙera tashi?"

Surukina ya ce, "Wanga magana tana hana ni barci, wallahi. Da, nan bayan gari muke sara. Yanzu sai mun yi tahiyar da mahara ke iya tare mu. To in kashe wutar? Gobe manoma su yi shuka da yatsa? Ka kawo mani abin da za shi narka tama ba kirya ba, in bar maka itacenka har abada."

Magana ce mai ma'ana, kuma da a zaure nake da na sa baki da abin da na karanta game da haƙƙin makiyayi. Amma a lokacin gawayi ya kai mani ƙugu. In Tanko ya zuba, sai in yi amfani da ƙarar in ɗan zaro ƙafa. In ya sauka, in daskare. Wani kwandon kuma da ya sauko sai na ji shi da ɗumi a cinyata. Ko ni na san gawayin da aka kwashe da gaggawa yakan ɓoye wuta a cikinsa.

Kamar ya ji tunanina, surukina ya ɗaga murya. "Tanko, kun tabbata ya huce?"

"Mun yayyafa mashi ƙasa, Baba."

"To. In ma da saura, in an liƙe bakin ba iska, shi mutu don kanshi."

Liƙe? Na kasa kunne da kyau.

"Wanga rumbu na damina ne," yake gaya wa Ardo. "In ruwa ya sauka ba a ƙona rami, itace jiƙe yake. Da wanga za mu riƙe wutar gari har kaka. Yau za mu ɗora faifan ƙasa mu shafe da laka, ba mai buɗewa sai gero ya yi ciki. In ga ta inda ɓarawon nan za shi bi."

"Har yanzu ba a kama shi ba?"

"Za a kama shi. Wanda ya saci gawayi a shekara irin wagga ai hauyar talaka ya sata. Ko wane ne, na rantse sai ya ga alƙali."

Jama'a, ku auna mani. In na yi magana, ga ni cikin rumbun gawayi a shekarar satar gawayi, gaban mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaban baƙo kuma wanda zai kai labarin kowace ruga. Sunan mahaifina ya ɓaci, auren ma wa ya sani. In na yi shiru, a shafe ni da laka sai gero ya yi ciki. Kuma abin da zai ba ku mamaki, na fi karkata ga yin shirun.

Ladan ya kira azahar. Na ce alhamdu lillahi a zuci, yanzu kowa zai tafi masallaci in fice. Sai na ji surukina yana cewa, "Tanko, kai yi taka nan. Ɓarawo lokacin salla yake so." Haka Tanko ya kabbarta a gindin rumbun, ina jin numfashinsa. Ni ma dai ban yarda lokaci ya wuce ni ba. Na buga tafi a bango a hankali na yi taimama, na kintaci alƙibla daga inda muryar ladan ta fito, na yi sallata da ishara, gawayi har ƙirji. (Na rama ta daga baya. Na bincika littattafai, ban sami malamin da ya yi magana a kan mai salla a rumbun surukinsa ba.)

Da suka dawo na ji ana kwaɓa laka. Sai ga muryar Kaka Yalwa.

"Kai Sarki, bar liƙin nan sai gobe."

"Don mi, Inna?"

"Laraba ce. Ba a liƙe rumbu ran Laraba."

"Yo bara ran Laraba muka liƙe shi, ke kika kawo mamu ruwa."

"To na ga gahiya ta shiga ciki. Babba."

"Gahiya mi za ta ci a gawayi? Inna, dubi gabas. In ruwan nan ya sauka cikin rumbu mun shiga uku. Tanko, hau."

Tsani ya yi ƙara. Hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Na ji faifan ya zauna, na ji tafin Tanko yana shafa laka, ɗab, ɗab, yana zagayawa. Duhu ya rufe ni, iska ta yi nauyi, ɗumin nan na cinyata kuma sai ƙaruwa yake, ko kuwa tsoro ne ya sa na ji haka, Allah masani. Na buɗe baki zan yi kira. Na rantse na buɗe. Amma me zan ce? Ban iya kiran sunan surukina, ban iya cewa "ni ne." Ina cikin neman kalmar da ta dace da mutunci, ƙurar da faifan ya girgizo ta shige mani hanci.

Na toshe da rawani. Na danne leɓe. Na karanto abin da na iya. Ina! Ta taho tun daga tafin ƙafata, ta fashe a cikin rumbun nan kamar an buga tambari.

Kuma kafin hankalina ya dawo, harshen da mahaifina ya hora tun ina yaye ya yi aikinsa. Da ƙarfi, da kyakkyawan lafazi, na ji kaina na ce, "Alhamdu lillahi!"

Waje ya yi tsit. Ko jakan sun yi shiru. Sai na ji muryar surukina, shi ma bakinsa ya riga tunaninsa: "Yarhamukallahu."

To me ya rage? An yi maka addu'a, sai ka mayar. Cikin duhu, da muryar da ta yi kama da ta ɗan akuya, na ce, "Yahdikumullahu wa yuslihu balakum."

"Kai!" in ji Ardo. "Sarki, gahiyar taku ta yi karatu."

Tanko ya ture faifan, ya zura hannu ya damƙi wuyan rigata, ya fizgo ni kamar ana cire rogo. Ya sauke ni ƙasa, ƙannensa suka kewaye ni, ɗaya riƙe da masaba. Ba wanda ya gane ni. Daga rawani har ƙafa baƙi ne, idanu kaɗai ke haske.

"Ga shi, Baba! Ku kawo igiya! Kai wane ne? Ɗan wa?"

Na sunkuyar da kai. Tanko ya girgiza ni har haƙorana suka haɗu. Igiya ta iso, an fara zagaya mani ita a ƙugu. Na saci kallon surukina. Sai na ga ya juya mani baya, yana duban danga kamar yau ya fara ganinta. Shi ya gane muryar tun daga amsar addu'a. Ga rantsuwa a wuyansa, ga mijin ɗiyarsa a hannun 'ya'yansa, shi ma kunya ta ɗaure shi kamar yadda ta ɗaure ni.

Kaka Yalwa ce ta ratso tsakiyarsu, da ƙunshin zane a hannu.

"Sakar mani miji, kai ƙaton banza. Wane ɓarawon gawayi ka taɓa gani da rigar Idi?"

"Kaka, a cikin rumbu hwa..."

"Na ce sake shi. In ɓarawo kuke nema, ga ni. Ni ke ɗibar na bayan maƙera a zanena. Da mi kuke zaton nike gasa maku ɗiya? Da karan dawa, hayaƙi shi kashe mani jinjiri? Sarki, ka rantse ko? To ɗaura mani igiyar, mu tahi wurin alƙalin, in gaya mashi wadda ta yi maka naka gashin."

Ardo ya fashe da dariya har yana riƙe sandarsa. Tanko ya saki igiya, ya matso ya leƙa fuskata, ya ja da baya yana salati. Kaka kuwa ba ta gama da ni ba. Ta buɗe zanen a gaban kowa, ta miƙo mani yaron daidai hancina.

"Ga abin da kaz zo sata. Duba da kyau, ka sha wuya."

Na duba. Yaron ya buɗe ido, ya ga abin da ke gabansa, ya tsandara ihun da aka ji har maƙera. Wannan ita ce ganawar da na sa rigar Idi dominta. (Hancin dai nawa ne.)

Surukina, har yanzu bayansa gare ni, ya yi gyaran murya ya ce, "Ardo, tashi mu je ka nuna mani kiryar nan da kake magana." Ga hadari ya haɗu, ga zancen mahara, amma dattijon nan ya gwammace ya taka har fadama da ya juyo ya gan ni. An ce a can suka shirya, ya yi alkawarin ba za a ƙara sara a bakin ruwa ba. Ardo ya daɗe yana cewa ni na ceci itatuwansa.

Ruwan zafi ɗaya ne a gidan, na tukunyar jego. Da shi Kaka ta sa na yi wanka a bayan ɗaki, da ganyen sabara da komai, tana tsaye daga waje tana tambaya ko in kawo mani kunun kanwa. Na koma Yasore cikin ruwan sama, sanye da tsohuwar taguwar Tanko mai ramukan tartsatsi. Labarin ya riga ni isa. Mahaifina ya dube ni ya ce, "Yaya mai jikin?"

Surukina, Allah Ya jiƙansa, ya yi kaffarar rantsuwarsa, kuma har ya bar duniya bai taɓa tayar mani da zancen ba. Sai dai kowace shekara, in an zo liƙe rumbun damina, sai ya aiko mani da ɗan kwandon gawayi na tawada, da saƙo a bakin ɗan aike: a gaya wa malam ga nasa nan, ba sai ya zo ɗiba da kansa ba.

Yaron nan yanzu shi ma ya aurar da ɗiya. Da mijin yarinyar ya fara zuwa gaishe ni, na ja shi gefe na ba shi abin da na tara na hikima. Na ce, ɗana, in ɗoki ya kama ka, bi ta zaure ka yi sallama, kunyar ba ta wuce ta gaisuwa ɗaya. In kuwa ka ƙi ji sai ka ɓuya, to ka leƙa rumbun tukuna.